A wace mota kake zaune?

'Yan uwana matasa, ina so mu yi magana kan Ifeanyi Ubah, attajirin man fetur ɗan Nnewi a jihar Anambra, wanda ya rasu a Landan a Yulin 2024 yana da shekara 52, yana kan kujerar Sanatan Anambra ta Kudu.

Yawancinmu tankokin Capital Oil muka sani, sai ƙungiyar ƙwallon da ya sa wa sunansa. To mutumin nan ba da depo a Apapa ya fara ba. Da koyon kasuwanci ya fara tun yana saurayi, ya yi safarar tayoyi da kayan gyaran mota har Ghana da Kwango, sai a 2001 ya kafa Capital Oil. Siyasa ma ba ta karɓe shi hannu bibbiyu ba. Ya nemi gwamna a 2013 ƙarƙashin Labour ya sha ƙasa, DSS ta tsare shi a 2017 kan rikicin man NNPC, ga shari'ar bashi da AMCON, hukumar da ke karɓo basussukan bankuna da suka maƙale. Sai a 2019 ya ci Sanata a ƙaramar jam'iyyar YPP.

Amma ranar da ta tsaya mini a rai ita ce 11 ga Satumba, 2022. A garin Enugwu-Ukwu 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin motocinsa wuta. Shi yana cikin mota mai sulke, kuma Allah Ya yi da sauran kwanansa. Wasu daga cikin hadimansa da 'yan sandan rakiya ba su koma gida ba. Ba laifi nake ɗora masa ba, shi ma hari aka kai masa. Tambayata gare ka ce, ɗan uwa: in ayari ya tashi, kai a wace mota kake zaune?

Na ga wannan a ƙofar gidanmu. Wani yaron maƙwabcinmu ya yi shekara biyu a garejin kanikanci, har maigidansa ya fara bar masa gyaran birki shi kaɗai. Kamfe na zuwa ya ajiye sifana. Kullum sai ka gan shi rataye a bayan Hilux, da hula mai hoton ɗan takara, muryarsa ta dishe da "sai ka yi". Da yamma a miƙa masa dubu biyu. Wallahi duk ranar da suka fita, mahaifiyarsa ba ta runtsawa sai ta ji ƙarar ƙofa. Aka gama zaɓe, waya ta daina shiga.

Ban ce ku guji siyasa ba. Ku yanki katin zaɓe, ku shiga jam'iyya, ku tsaya takara ma. Tun 2018 doka ta ba ɗan shekara 25 damar neman majalisar jiha ko ta wakilai. Sai dai ku shiga da sana'arku a hannu. Da Ubah ya faɗi a 2013, yana da kasuwancin da zai koma wa. Kai fa, in mai gidanka ya faɗi, ina za ka wayi gari?

Yaron nan ni na raka shi ba wa maigidansa na gareji haƙuri. Muka tarar da ƙaninsa a sana'a, wanda ya bari yana wankin noti da kananzir, shi ne ke sauke inji. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya nuna masa bokitin kananzir ɗin.