Ranar da jitata ta tsiro gemu

A watan Afrilu a Kano, ko zaune kake a inuwa gumi kake yi, balle ka rungumi jita. Tawa kuwa an shafe bayan wuyanta da wani banish mai ƙyalli kamar madubi. Da sanyi lafiya lau. Zafi na shigowa sai babban yatsana ya riƙa maƙalewa yana ƙiii, in nufi sama da hannu, shi ya ce a nan zai kwana.

Abokin kiɗana ya ce, "Ai da sauƙi. Samo samfefa mai laushi ka ɗan goga, ƙyallin kawai za ka kashe." Lamba ce bai faɗa ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Na nufi kafintan unguwarmu. A lissafina ƙaramar lamba ita ce mai laushi, sai na ce ya ba ni lamba 80. Ya kalle ni sama da ƙasa. "Malam, ƙofa za ka kankare?" Na ce masa harkar makaɗa ce, ba zai gane ba. Ashe abin a juye yake: lamba na hawa, samfefa na ƙara laushi. Irin su 800 ko 1000 ake sa wa wuyan jita, a bi tsawonsa a hankali.

Zuga huɗu na yi da iya ƙarfina. Banish ya tafi, farin katako ya leƙo, ga zane-zane kamar kaji sun yi tono.

Don in rufa wa kaina asiri, na lallaɓa kicin na ɗauko soson ƙarfen uwargida. Na taɓa jin ana gyara wuyan jita da shi. Gaskiya ne, amma da mai lamba 0000, wanda ya kusa auduga laushi, kuma sai an fara rufe maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya da salatif. Ban rufe ba. Ɓarɓashin ƙarfe ya yi dafifi a kansu, jita ta tsiro gemu har da saje.

Ina tsugune ina tsince shi ɗaya-ɗaya sai na ga inuwa a kaina. Ta dubi sosonta, ta dubi jita, ta dube ni.

"Maigida, ashe ka iya kankare abu haka?"

Ta juya ciki. Can sai ga ta da tukunyar tuwon jiya, ƙanzo ya kama gindinta ƙam, ta dire a gabana.