Rigar sanyin da ban mayar ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hunturu ya shigo, jiya na buɗe akwati ina neman bargo, hannuna ya faɗa kan wata tsohuwar rigar sanyi. Shekara kusan arba'in ke nan tana wurina, kuma ba tawa ba ce.

A 1984 na je karatu birnin Niyok na Amurka. Da dare ina wanke-wanke a wani gidan abinci don in sami na haya. A nan na haɗu da mai rigar. Bature ne, Kirista, daga wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar. Ranar da ƙanƙara ta fara zuba ya ga ina rawar ɗari cikin 'yar shara, ya tuɓe tasa ya yafa mini. Shi ke tsaya mini a bakin aiki in shiga ɗakin ajiya in yi sallah, shi ke nuna mini abincin da aka sa wa naman alade. Da azumi ya zo, ya fi ni kallon agogo. Malam yake kirana, wai ya ji ɗaliban ƙasarmu suna faɗa.

Daga baya na gane mai neman maza ne. Shi da bakinsa ya gaya mini mahaifinsa ya kore shi yana ɗan shekara 19, aka ce kada ya sake taka ƙofar gidan. Kada wani ya yi mini gaggawa. Hukuncin luwaɗi a addininmu sananne ne, ban zo in sauya shi ba. Laifin kaina na zo faɗa.

Yaran yanzu ba za su gane tsoron wancan zamani ba. A watan Yunin 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton samari biyar a Los Angeles masu wani irin ciwon huhu da ba a saba gani ga mai ƙarfi a jika ba. Kafin a ankara ƙanjamau ta cika asibitoci. Magani na farko, AZT, sai a 1987 aka amince da shi, haɗin magungunan da ke riƙe mutum ya rayu kuwa sai wajen 1996. A tsakani, ana ajiye wa majinyaci farantin abinci a bakin ƙofa, wasu masu sana'ar shirya gawa suna ƙin karɓar mamaci.

Abokina ya kwanta a 1986. Ya rame har wuyan hannunsa ya koma kamar sillen kara, wasu tabo masu duhu suka fito masa a fuska. Ya roƙe ni in kira masa mahaifiyarsa a waya. Na kira. Ta saurare ni har na gama, ta ce ita ɗanta ya daɗe da mutuwa, ta ajiye.

Ni kuma da nake ganin baƙinta, me na yi? Sau biyu na je asibitin, sau biyu ina cijewa a bakin ƙofa. Ma'aikaciyar jinya ta ce in shiga, ba a ɗauka ta musafaha ko numfashi. Ya ɗago hannu ya ce, "Malam, shigo mana." Na ce ina sauri, zan dawo. A zuciyata ina cewa ai abin da ya shuka yake girba, alhali tsoro ne kawai na naɗa masa rawani na kira shi tsoron Allah. Zuwa na uku na tarar an canza zanin gado. Ba wanda ya zo karɓar gawarsa. A wancan lokaci irin waɗannan gawarwaki tsibirin Hart na birnin Niyok ake kai su, inda fursunoni ke haƙa rami a jera akwatuna.

Na sani tun ina makarantar allo cewa Allah zai ce ranar alƙiyama, "Ya ɗan Adam, na yi rashin lafiya ba ka gaishe ni ba." Hadisin yana cikin Muslim. Na san Annabi (SAW) ya je duba yaron Bayahude da ke masa hidima lokacin da ya kwanta, ya zauna daidai kansa. Na san an wuce da gawar Bayahude ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya ce, "Ashe ba rai ba ne?" Na san mutumin da aka yi ta kawowa saboda shan giya, wani ya tsine masa, Manzon Allah ya hana. Duk na haddace su, amma ƙafata ba ta tsallaka dokin ƙofar nan ba.

Iyaye, ku nake roƙo musamman. Mu ma nan mun yi namu. Mun kira cutar "kabari kusa", mun ware wa mutane kwano da kofi, har da matan da mazajensu suka kawo musu ita har ɗaki, har da jariran da aka haifa da ita. Yau ga magani kyauta a asibitocin gwamnati, mai sha kan ƙa'ida yana aure yana haihuwar 'ya'ya lafiyayyu, amma har yanzu akwai mai tafiya wani gari karɓar magani don kada dangi su gan shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka yi wa ɗanka faɗa, ka yi masa nasiha, ka tashi cikin dare ka kai kukanka ga Allah. Amma in ka kore shi, wa ka miƙa wa shi? Annabin da ya haramta alfasha shi ne ya ce mai yanke zumunta ba zai shiga Aljanna ba, Buhari da Muslim duka sun ruwaito.

Lamarin abokina yana hannun Ubangijin da ya halicce shi. Ni dai nawa nake wa istigfari. Uwargida ta sha cewa in bayar da rigar sadaka, ga masu buƙata da sanyin nan. Jiya ma ta faɗa. Na kakkaɓe ta, na ninke, na mayar cikin akwati.