Kafin Ka Ce Allah Ya Yi Shiru

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Da yawa daga cikinmu mukan durƙusa ne bayan mun riga mun gama yanke shawara, abin da ya rage kawai Allah ya sa hannu. In abin bai tafi yadda muka tsara ba, sai guna-guni, wai ya yi mana shiru. Alhali manzo Yohanna ya faɗi sharaɗin a fili a 1 Yohanna 5:14: yana jinmu in muka roƙa bisa ga nufinsa. Rabin ayar da ya yi mana daɗi muka riƙe, ɗaya rabin muka tsallake.

Wani zai ce, to ta yaya zan san nufin Allah? Ai mafi yawansa a rubuce yake. 1 Tasalonikawa 4:3 ta ce nufinsa shi ne mu zauna da tsarki, mu guje wa fasikanci. A 5:18 kuma, mu yi godiya a kowane hali. Yesu ya ce in ka kawo baiko, wato hadayarka ga Allah, gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ajiye baikon, je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Duk da haka sai ka ga mutum yana azumi, wai yana jiran Ubangiji ya nuna masa ko ya yafe wa wanda ya ɓata masa rai. Jiran me? An riga an gaya maka. Wani kuma yana roƙon albarka a kan sana'ar da ha'inci ke riƙe da ita. Yakubu 4:3 ba ta yi mana kara ba: muna roƙo ba ma samu, domin da mugun nufi muke roƙo, don mu kashe a kan sha'awace-sha'awacenmu. A ganina, yawancin abin da muke kira neman nufin Allah jan ƙafa ne kawai daga yin biyayya.

Akwai kuma abubuwan da ba a rubuta mana amsarsu ba: ciwon nan zai warke? Auren nan zai yiwu? Za a samu haihuwa? A nan sai mu dubi Getsamani, lambun da Yesu ya yi addu'a kafin a kama shi. Yesu bai yi kwana-kwana ba, ya roƙi Uba a fili a ɗauke masa ƙoƙon wahalar da ke gabansa, har sau uku, Luka ya ce guminsa kamar ɗigon jini. Kowane karo kuma yana miƙa kansa ga nufin Uba. Ba a ɗauke ƙoƙon ba, mala'ika aka aiko ya ƙarfafa shi. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:9). Saboda haka faɗi abin da kake so dalla-dalla, da kuka ma in ya kama, amma ka bar wa Uba ikon ya ce a'a, ko ya ce dakata.

Ku duba Ayyukan Manzanni sura 12. Sarki Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, ya jefa Bitrus a kurkuku. Ikilisiya ta dage da addu'a, mala'ika ya fito da Bitrus cikin dare. Abin dariya, da Roda, baranyar gidan da ake addu'ar, ta ruga ta ce Bitrus yana bakin ƙofa, masu addu'ar nan suka ce ta haukace. Wato bangaskiyarsu ma ba wani abin a zo a gani ba ne, amma Allah ya yi abin da ya nufa. Manzo ɗaya ya mutu, ɗaya ya fita, Littafi Mai Tsarki kuma bai gaya mana dalili ba.

Don haka ina roƙonku, ku daina gaya wa marar lafiya ko mai makoki cewa bangaskiyarsa ce ta gaza. Wa ya nuna muku? In kun je gaishe shi, ku zauna tare da shi, ku roƙa masa sauƙi da zuciya ɗaya. Inda kalmomi suka ƙare muku, Romawa 8:26-27 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu, bisa ga nufin Allah.