Masu Kukan Rashin Ilhama, Ku Fara Duba Kunnenku

Ba a kwana biyu ban ga wani matashi ya rubuta a Facebook cewa kansa ya toshe ba, wai wata uku ke nan bai haɗa ko baiti ɗaya ba, ilhama ta ƙaurace masa. A ƙasa kuma abokai su yi ta ba shi magani: je ka bakin ruwa ka zauna, tashi da tsakar dare ka sha shayi, nemi wadda za ta karya maka zuciya. Ra'ayina a kan wannan ba zai yi wa wasu daɗi ba. Yawancin masu wannan kuka kunnensu ne fayau, babu abin da suka zuba masa. Rumbun da ba a kai wa dami ba, ko sau nawa aka leƙa shi, sai dai a tarar da ɓera.

Baiwa gaskiya ce, Allah ke ba wanda ya so. Amma a duba yadda manyan makaɗa suka tashi. Musa Ɗanƙwairo ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa, sannan a bayan yayansa Kurna, kafin ya ja nasa ayarin. Ɗan amshi kuwa aikinsa sauraro ne: ya san inda jagora zai ja numfashi, inda zai saki ɗiyan waƙa, wato baitocinta, inda zai bar rabin magana don a ƙarasa masa, da lokacin da za a koma gindi, wato layin da ake ta maimaitawa. Wanda ya yi shekara goma yana wannan, ranar da ya buɗe baki sai mutane su ce aljanu ke ba shi. Yau matashi ba shi da ayarin da zai bi, amma yana da waya a aljihu mai ɗauke da waƙoƙin da kakansa sai ya jira rediyo ko ya yi tafiyar kwana kafin ya ji su. Abin da ya rage shi ne sanin yadda ake sauraro.

Ga yadda ake yi, kuma ba ya bukatar komai sai littafin rubutu da biro. Zaɓi waƙa ɗaya tak, ta baka, wadda ba ta wuce minti goma ba. Ka ji ta sau ɗaya hannunka a sake. A karo na biyu ka rubuta ta kalma bayan kalma, kana tsayarwa kana mayarwa baya. Waƙar minti goma tana iya cin sa'a biyu, kada wannan ya dame ka. Ka ware gindin a saman shafi, kowane ɗa kuma ka ba shi lamba, ka ja layi a ƙarƙashin duk inda 'yan amshi suka yi wa jagora ƙari. A nan ne mutum zai fara ganin abin da kunne kaɗai ba ya kamawa: cewa yabo da zuga da habaici da zambo ba a watse suke ba, akwai yadda ake jera su, kuma sau da yawa ɗan da ya fi zafi yana zuwa ne daidai lokacin da aka gama shafa wa ubangida mai.

Inda ake yawan faɗawa rami a wannan mataki shi ne karin harshe. Manyan makaɗan fada da yawa mutanen ƙasar Sakkwato da Zamfara ne, Narambaɗa na Isa, Ɗanƙwairo na Maradun. Bakano ko Bazazzagi zai ji "munka" da "anka" da "yaz zo" da "shina", in bai yi hankali ba sai ya rubuta abin da kunnensa ya saba, ya gyara wa makaɗi Hausarsa. Da ka mayar da "yat tafi" zuwa "ya tafi" ka rage wa layin nauyi, ka ɓata awon. Rubuta yadda ka ji. Kalmar da ta gagare ka, bar mata gurbi, ka kai wa dattijon da ya fito daga can.

Karo na uku shi ne mai wuyar, kuma shi ne wanda nake ganin kusan kowa yana tsallakewa: awon gaɓa. Gaɓar Hausa iri biyu ce a sikeli. Akwai marar nauyi, baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "ka". Akwai mai nauyi, wato baƙi da dogon wasali, ko baƙi da tagwan wasali irin "sau", ko baƙi da wasali da wani baƙin kamar "kan". Karin waƙa duka a kan yadda ake jera waɗannan biyu yake tafiya. Matsalarmu ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo iri ɗaya muke rubuta su, alhali na farko gaɓarsa ta farko gajeriya ce, na biyu doguwa. Haka "gashi" na nama da "gashi" na kai. Malaman da suka yi waƙa da ajami suna da sauƙi a nan, don alif da wawu da ya suna nuna musu ja a kan takarda, idonsu na ganin nauyin. Mu 'yan boko dole kunne ya yi aikin da ido ya kasa.

Bari in nuna da baiti mai sauƙi da aka gina don wannan bayani:

Ruwa ya zubo, damina ta tsaya,
Gari ya yi sanyi, a bar rijiya.

Karanta shi da ƙarfi kana buga cinya. Za ka ji gajere ɗaya, dogo biyu, gajere ɗaya, dogo biyu, haka har sau uku, sannan gajere da dogo a rufe: ru-waa-yaa, zu-boo-daa, mi-naa-taa, tsa-yaa. Layi na biyu ma haka: ga-rii-yaa, yi-san-yii, a-bar-rii, ji-yaa. Wannan shi ne karin da masu aruli, wato ilimin awon waƙa, ke kira Mutaƙarab. Yanzu cire "zubo" ka sa "sauka". Ma'ana ba ta canza ba, ruwa dai ya sauka. Amma "sau" mai nauyi ce ta zauna a gurbin marar nauyi, "ka" kuma marar nauyi ce a gurbin mai nauyi, sai layin ya yi ɗingishi. Mai rerawa zai ji tuntuɓen a bakinsa, sai ya haɗiye wata gaɓa ko ya ja wata don ya tsira. Rabin waƙoƙin da ake turowa a zaurukan marubuta wannan ciwon ke damunsu, mai su kuma yana can yana zargin ilhama.

Ba sai mutum ya haddace karuruwa 16 na Larabci ba, waɗanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara 15 daga cikinsu tun ƙarni na 8, aka ƙara Mutadarak daga baya. Biyu ko uku sun isa a fara: Mutaƙarab, Mutadarak, sai Kamil in an ƙware. Kuma ba dole ba ne karin ya zo daga Larabci. Aliyu Namangi na Zariya daga kiɗan caji ya ɗauko karin Imfiraji, kiɗan da malamai ke ƙyama, ya zuba masa wa'azi da begen Annabi, har almajirai da makafi suka yi ta yawo da ita gida-gida. Wato ya ari awo, ya kawo nasa hatsin. Duk wanda ke cewa ba shi da abin da zai ɗora waƙa a kai, ya saurari luguden mata uku a turmi ɗaya, ko kiɗan ƙwaryar amada, ya rubuta bugun da gajere da dogo. Kari ne a kwance, kyauta.

Bayan nauyi akwai karin sauti, hawa da saukar murya. Nan ne waƙoƙin sutudiyo suka fi shan kashi. "Wuya" ta wahala daga ƙasa take tashi sama, "wuya" na jiki daga sama yake sauka ƙasa. "Kuka" na hawaye a sama yake tafiya duka, "kuka" ta miya tana faɗuwa a ƙarshe. Abin da ke faruwa a sutudiyo shi ne makaɗi ya riga ya haɗa kiɗa a fiyano, sau da yawa da muryar da aka tsinto daga fim ɗin Indiya, sannan mawaƙi ya zo yana cusa kalmomi a ciki. Muryar kiɗan ta sauka a inda kalmar ke son hawa, sai masoyi ya tashi cewa ya sha wuya, kunne ya ji kamar wuyan wani ya kurɓa. Na'urar gyaran murya ba ta maganin wannan, ita tsayin sauti take daidaitawa da kiɗa, ba ta san Hausa ba, ƙara dagula abin ma take yi. Gyaran mai sauƙi ne: ka karanta baitin da muryar magana ka ɗauka a waya, ka saurari inda yake hawa da sauka da kansa, sannan ka kai wa makaɗi ya bi wannan layin. Tsofaffin makaɗa haka suke, shi ya sa kalangu da kotso ke iya faɗin take mutum ya gane ba tare da an buɗe baki ba.

Kada a ce ina zagin aro. Finafinan Indiya sun daɗe a gidajen sinimar Arewa, har a Kano aka sami masu bege da ake kira Ushaƙu Indiya, masu ɗaukar muryoyin waƙoƙin Indiya su mayar da su yabon Manzon Allah. Abubakar Imam ma, a Magana Jari Ce da ta fara fitowa a 1937, ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa. Amma sai da ya sauya musu gari da suna da sarauta da abin dariya, har mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta. Gwajin da nake ba da shawara shi ne wannan: in ka ari labari daga fim ko littafi, tambayi kanka abu uku. Wa zai hana wannan aure a garinmu, kuma da wane dalili? A wane ɗaki ko zaure za a yi wannan magana, wa ke da ikon shiga? Me za a faɗa a fili, me za a bari sai a habaici? In labarin bai sauya ba bayan ka amsa waɗannan, fassara ka yi.

Amsa-amo kuwa, wato sautin da layuka ke ƙarewa da shi iri ɗaya, mutane sun ɗauka shi ne waƙar, shi ya sa ake ta fama da "ya" da "wa" da "na". Suna da arha saboda kalmomin Hausa masu ƙarewa da su ba su ƙirguwa, kuma arhar ce ke jawo lalaci, sai ka ji duniya, zuciya, gaskiya, sarauniya, an jera su kamar yadda aka jera jiya. Kafin ka fara, rubuta kalmomi 30 masu harafin da ka zaɓa, ka soke goma na farko da suka zo maka, don su ne suka zo wa kowa. In ka zaɓi "ba" a matsayin babban amsa-amo, wanda ke rufe kowane baiti, ka sani ka ɗaure kanka da korewa a ƙarshen kowane baiti, sai jigon da zai iya ɗaukar haka. Kuma duk inda ka ga ka saka "dai" ko "fa" ko "ai" don kawai layi ya cika, to layin bai nuna ba, mayar da shi wuta.

Sai maganar kalmomi. Marubucin da duk Hausarsa daga waya ya samo ta, kalmominsa ba za su wuce na kowa ba. Ware yini ɗaya a mako ka zauna wurin masu sana'a da littafinka. A maƙera ka ji zuga-zugi da masaba da awartaki da uwar maƙera, ka ga yadda ƙarfe ke sauya launi kafin a ɗora masa guduma. A karofi, irin na Ƙofar Mata a Kano, ka ga yadda ake haɗa baba da toka, da yadda zane ke fitowa kore-kore daga rami sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Wannan kaɗai ya ishi mai hankali yin baiti a kan mutumin da ba a gane halinsa sai ya fita waje. Siffantawa da kamantawa masu kama zuciya daga irin nan suke fitowa, daga abin da ido ya tsaya a kansa. Kalma goma a mako, da jimlar da ka ji an faɗe ta a ciki, don kalma ba tare da mazauninta ba saurin mutuwa take.

Fim ma ana iya karatunsa haka, ko da yake a gajarce zan faɗa. Ɗauki fitowa ɗaya ta minti uku, kashe sauti, ka rubuta abin da ka fahimta. In ba ka gane komai ba sai da magana, darektan wasan rediyo ya yi. Yawancin finafinanmu a nan suke faɗuwa, mutum biyu a kujerar falo suna ba juna labarin abin da ya kamata a nuna mana.

Wanda kansa ya toshe da gaske, ga aikin da magabata suka bar mana: tahamisi. Ka ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu, wato mai ɗango (layi) biyu a kowane baiti, ka ɗora ɗango uku naka a saman kowane baiti, su bi karinsa, su yi amsa-amo da ɗangonsa na farko, baitin ya koma ƙwar biyar. Haka Isa ɗan Shehu ya yi wa waƙar mahaifinsa da Nana Asma'u ta mayar Hausa daga Fulatanci. Kari an ba ka, amsa-amo an ba ka, jigo an ba ka, abin da ya rage maka shi ne ka shigo da magana ta yadda ɗango biyun mai waƙar za su zo kamar amsar naka. In uku sun yi maka yawa, fara da tarbi'i, ka ƙara biyu. Baiti ɗaya a rana bayan sallar Asuba, ka rera shi da ƙarfi, ka ɗauka a waya, washegari ka saurara kafin ka taɓa na gaba.