Kibod ɗin da ba ya dannuwa ba namu ba ne

Wani ƙanena da ke karatu a Ingila ya zo hutu da tsarabar wata 'yar na'ura mai suna THEC64 Mini. Kwaikwayon Commodore 64 ce, kwamfutar nan ta 1982 da ta cika gidajen Turai da Amurka. Kamfanin Retro Games ya fitar da ita a 2018, girmanta rabin na asali, da wasanni 64 a cikinta. Ranar Lahadi da yamma, bayan an watse daga kasuwar Gujungu, muka jona ta da talabijin ɗin gidan kallon ƙwallo na ƙauyenmu. Wutarta ba ta wuce ta cajar waya ba.

Yara suka yi mata caa. Babu wanda ya kula da sandar wasan, duk kan madannai suka yi. Wani ɗan yayata ya danna, ya ƙara dannawa da ƙarfi, sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, wannan ai a sandare yake." Gaskiyarsa. Kibod ɗin roba ce da aka zuba dunƙule guda, ado ne kawai. Haka kamfanin ya sake yi a 2022 da THEA500 Mini, kwaikwayon Amiga, wata tsohuwar kwamfutar Commodore.

Ban ga laifinsu ba. Baturen da ya haura hamsin, wanda ya tashi da wannan kwamfuta a ɗakinsa, ƙuruciyarsa yake saye. Ya ajiye a kan kanta, ya kalla, ya ji daɗi. Wasu masu ƙwaƙwa a can har farke akwatin suke yi su dasa ƙananan madannai masu aiki, duk da yatsan babba sai ya haɗa biyu a dannawa ɗaya. Mu fa wace ƙuruciya za mu tuna? A 1982 langa muke yi a dandali.

Abin da ke da amfani gare mu shi ne ainihin abin da suka mayar ado. Yaran karkararmu sun iya shafar waya kamar da ita aka haife su, amma da yawansu ranar jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, suke fara ɗora hannu a kan kibod. Na ga yaro mai ƙoƙari ya dawo daga Dutse yana cewa hannunsa ne ya yi ta rawa.

Washegari na aro tsohon kibod na USB a shagon caji, duk ƙura, harafin E ma ya goge. Muka soka shi, muka shiga BASIC, harshen da ake rubuta wa injin umarni da shi. Allo ya yi shuɗi, ya rubuta READY, ya tsaya yana jira. Babu hoto, babu bidiyo, babu abin da zai faru sai ka rubuta. Na nuna wa ɗan yayar tawa layi biyu: 10 PRINT "SANNU", sai 20 GOTO 10. Ya ɗauki kusan minti uku yana farautar haruffa da yatsa ɗaya. Da ya rubuta RUN, SANNU ta yi ta zubowa ba ƙaƙƙautawa, ɗakin ya kaure da ihu. Tsayar da ita ya zama aiki, domin madannin RUN/STOP na Commodore babu shi a kibod na yanzu, sai da muka lalubo cewa Esc ne ya gaje shi. Kuma kada ka nemi ƙ ko ɗ ko ɓ, injin bai san da zamanmu ba.

Za a ce me ya haɗa yaron yau da kwamfuta mai ƙwaƙwalwar kilobayit 64? Ni ma ba na cewa a tara kuɗin makaranta a sayo ta. In da hali, Raspberry Pi 400 na 2020 ya fi: kwamfuta ce sukutum a cikin kibod mai aiki, tana kwaikwayon tsofaffin injuna, tana kuma yin aikin zamani. Ko babbar THEC64 ta 2019, wadda madannanta na gaske ne. Amma duk mai son kawo mana irin wannan tsaraba, ya fara danna harafi ɗaya a shago ya ga ko yana nutsewa. Fankam fankam ba shi ne kilishi ba.

Mai shagon caji ya aiko sau biyu a mayar masa da kibod ɗinsa. Yaron kuwa ya goge SANNU ya sa sunansa, yanzu yana tambayata yadda zai sa injin ya ƙirga buhunan riɗin babansa.