Na'urar da Ba Ta Riƙe Sirri

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu: ni a kan fiyano, mawaƙinmu, wani yaro mai jita, sai Baba mai kalangu, wanda ya fara kiɗa tun kafin a haifi sauran mu ukun. 'Yan amshi kuwa haya muke ɗaukowa, mata biyu, kuma duk bikin da muka je sai mun ji a jikinmu wajen sallamarsu, ga kuɗin adaidaita zuwa da dawowa. Ni ne mai kwana a YouTube, don haka ni na kawo shawara. Na ce akwai dabarar da mutum ɗaya zai rera amshi sau ɗaya tak, na'ura ta ɗauka ta yi ta maimaitawa, shi kuma ya ɗora baiti a kai. Ba ta cin shinkafar biki, ba ta neman kuɗin anko. Mawaƙinmu ya lissafa abin da zai rage a aljihunsa, ya ce a fara gobe.

Da kwamfuta na fara. Na sa Ableton Live, manhajar nan ta wani kamfani a Jamus wadda ta fito tun 2001, na aro saun-kad, ɗan akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, wajen wani abokina mai situdiyo, na jona makirfo. Mawaƙi ya ce "ayyaraye", sai bayan ya rufe baki muryarsa ta iso kunnensa. Ya cire abin kunne ya dube ni, ya ce wa ke kwaikwayonsa?

Abin da ke faruwa shi ne, kwamfuta ba ta tura sauti kai tsaye, sai ta tara shi ƙunshi-ƙunshi, abin da 'yan situdiyo ke kira bafa. Tawa tana kan ɗigon sauti 1024 a kowane ƙunshi. A ma'aunin ɗigo 44,100 a daƙiƙa, wannan ya kai kusan kashi 23 cikin dubu na daƙiƙa wajen shiga kawai, a ƙara wani kamarsa wajen fita. A takarda ba komai ba ne, amma a kunnen mawaƙi fitina ce. Na rage zuwa 128, jinkiri ya tafi, sai tsohuwar laftof ɗina ta fara tartsatsi kamar ana soya awara. A 256 muka sasanta. Muna cikin murna batir ya yi ƙasa, na jona caja, sifika ta kama gurnani. In cire caja ta yi shiru, in mayar ta ci gaba. Abokina ya ce matsalar "earth" ce, wato wayar da ke kai wutar lantarki ƙasa, akwai ɗan akwatin da ake sawa tsakani ya kashe ƙarar, kuma nasa ba na aro ba ne.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da Baba. Ita manhaja tana son kowa ya bi bugun agogonta, ƙwas-ƙwas-ƙwas a cikin kunne, ba daɗi ba ragi. Na miƙa wa Baba abin kunne da hannu biyu. Ya saka, ya saurara, ya cire ya ajiye a kan tabarma.

"Yaro, ni ƙafar mai rawa nake kallo. In Hajiya ta taso da jaka a hannu, sassauta mata nake yi har ta buɗe zif. Wannan abin naka ya san zif?"

Gaskiyarsa, bai sani ba. Kiɗan biki yana miƙewa yana tsukewa gwargwadon wanda ke cikin fili, kuma na'ura ba ta da ido.

Sai na ajiye kwamfuta na samo abin takawa na hannu, Boss RC-30, mai mataki biyu da ramin makirfo. Yana aiki da batir shida irin na tocila ƙarama, don haka ko an ɗauke wuta ba ruwansa. Aikinsa a baki ba wuya: ka taka na hagu ya fara ɗauka, ka sake takawa a daidai ƙarshen amshi ya rufe zagaye, wani takun kuma ya buɗe ƙofar ɗora sabon sauti a kan tsohon. In abin da ka ɗora bai yi ba, ka danne na hagun daƙiƙa biyu ya goge. Wahalar tana wajen rufe zagayen farko. Ka makara da ƙiftawar ido, to kowane zagaye sai ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya, har a tashi. Muka yi yarjejeniya da Baba: amshi kaɗai zai shiga na'ura, gajere, shi kuma zai bi ta in ya ga dama.

Ranar gwaji na gaske ta zo a wani kamu a Kano, a farfajiyar gida aka kafa rumfa. Mawaƙi ya rera amshi, na taka a daidai, ya ɗora murya ta biyu, sai ga mutum ɗaya ya zama uku. Mata suna leƙen bayan sifika suna neman inda muka ɓoye 'yan amshi. Har Baba ya gyaɗa kai, wanda a wajensa wannan lambar yabo ce.

Sai dangin ango suka shigo liƙi. Wata Hajiya ta taho da babban leshi yana jan ƙasa, ta tsaya gabana daf, ta taka matakin hagu da tsinin takalminta ba ta ko sani ba, leshin ya rufe na'urar ruf. A daidai lokacin mawaƙinmu ya juyo wajena, makirfo yana hannunsa a ƙasan haɓa, ya raɗa mini: "Kawun angon nan fa 'yan hamsin-hamsin yake liƙawa."

A karon farko hayaniya ta rufe maganar. Da zagaye ya dawo, ta fito tas a cikin sifika huɗu, a tsakiyar amshi, a kan kiɗa. Mawaƙi ya zaro ido ya ce "Innalillahi!" Ita ma ta shiga, tunda har yanzu ƙofa a buɗe take. Zagaye na gaba: amshi, 'yan hamsin-hamsin, innalillahi. Wata ta rangaɗa guɗa, guɗar ma ta samu wuri.

Maganin yana nan, daƙiƙa biyu kacal. Amma matakin yana ƙarƙashin leshin matar aure, tare da wayoyin duka, kuma ban ga yadda zan durƙusa in zura hannu a nan a gaban jama'a in fita da haƙorana ba. Na ce, "Hajiya, don Allah ɗan gusa." Ta ɗauka kirari nake nema mata, ta manna mini ɗari biyu a goshi ta ƙara gyara tsayuwa. Na ɗaga wa mai mikisa hannu ya rage mu, ashe yana bayan rumfa da farantin shinkafa.

Baba ne ya fara motsi. Ya matse kalangu a hammata ya kama maganar nan harafi-harafi, 'yan ham-sin ham-sin, da kiɗa, a kan bugun na'urar da ya rantse ba zai bi ba. Ƙawayen amarya suka ɗauka da tafi, suka yi da'ira suka sa Kawu a tsakiya. Kawu ya tsaya da bandir ɗinsa a hannu, ya dubi ango, ya dubi sifika. Sannan ya tura hannu can cikin aljihun babbar riga ya zaro 'yan dubu-dubu, ya fara zuba wa mawaƙinmu ɗaya bayan ɗaya, yana kallon tsakiyar idonsa, ba ko murmushi.

Wajen rabo Baba ya ware kason 'yan amshi ya sa a aljihunsa, ya ce ai shi ya yi amshin da aka biya. Ba wanda ya yi gardama. Washegari da sassafe mawaƙinmu ya kira matan nan biyu ya ce akwai biki ran Asabar. Suka ce sun ga bidiyon a WhatsApp, kuma kuɗinsu ya ƙaru.