Kafin ka sayi tagulla, sayi littafi

Jama'a masu haɗa ƙananan tankoki da jirage na roba, yau da ku nake, kuma na san wasu za su ji haushina. Na fara da tona wa kaina asiri, don kada a ce na zo wa'azi ne ina kan tudu.

Wata uku na kwashe a kan wata tankar Tiger I, ta Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ma'aunin 1/35, wato an rage girmanta sau 35. Babu abin da ban saya mata ba. Na cire bakin bindigar roba na sa na alminiyom. Na sayi sarƙar ƙarfe wadda ake haɗa ta ɗaya bayan ɗaya da fil, har idona ya dinga ruwa. Na sayi farantin siririyar tagulla, irin wadda ake yanko ragar inji da maƙalai daga jikinta, ƙanana kamar ƙwayar ido, idan ɗaya ta kuɓuce daga matsefata ta faɗi ƙasa sai dai ka yi mata addu'a. Sannan na bi jikin tankar kaf na shafa mata zimarit, wato wannan kwaɓin mai layi-layi da Jamusawa suke shafa wa tankokinsu don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne. Na yi mata fentin sahara, na manna mata lambobin rundunar da ta yi yaƙi a Tunisiya. Na ɗauki hoto na saka a wani zaure na masu wannan sha'awa, ina jiran tafi.

Tafin ya zo, ba laifi. Amma wani dattijo da ya girme ni a harkar ya rubuta layi biyu kacal. Ya ce aiki ya yi kyau, sai dai yaƙin Tunisiya ya ƙare a watan Mayun 1943, zimarit kuwa sai can bayan haka aka fara shafa shi a masana'anta, aka kuma daina a watan Satumban 1944. Ma'ana, na gina tankar da ba a taɓa yin irinta ba a doron ƙasa. Kuɗin da na zuba a tagulla da sarƙa ya isa in sayi littattafai biyu ko uku, kuma shafi ɗaya a cikinsu da ya hana ni wannan abin kunya.

Tun daga ranar na canza tsari, kuma ra'ayina ke nan har gobe: duk wanda ya sayi kayan ƙari kafin ya karanta tarihin abin da yake ginawa, kwalliya yake yi wa ƙarya.

Ba wai ina raina kayan ƙari ba ne. Roba tana da iyakarta. Idan aka rage abu sau 35, farantin ƙarfen da kaurinsa bai wuce milimita biyu ba a zahiri ya kamata ya zama siriri fiye da takarda, injin zuba roba kuwa ba zai iya fitar da wannan ba. A nan tagulla take da rana. Kamfani irin Eduard na ƙasar Cek ya yi suna a kan wannan, kuma bel ɗin kujerar matuƙin jirgi da suke yi, gaskiya babu yadda za ka kwaikwaye shi da roba. Amma a duba Tiger ɗin nan: tsawonta har da bindiga ya haura mita takwas, a kan teburinka kuwa santimita 24 ce. Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya mai mita tara da 'yan kai, a ma'aunin 1/72 ba ta kai santimita 13 ba. Rabin abin da muke wahalar mannawa a ciki, da zarar an rufe jiki an gama, ba mai sake ganinsa sai Allah. Shekarar da motar ta yi aiki, da rundunar da ta riƙe ta, da launin da aka shafa mata, su ne a fili, su kuma ba a sayar da su a leda.

Ɗauki maganar launi kawai. Tankokin Jamus a farkon yaƙi toka-toka ne mai duhu. A watan Fabrairun 1943 aka ba da umarnin komawa rawaya mai duhu, aka kuma raba wa rundunoni kore da ja-ƙasa su yi zane da kansu a fagen daga. Wasu sun sirka fentin da fetur, wasu da ruwa, wasu sun fesa, wasu sun shafa da abin da hannu ya samu. To ka ga mutumin da zai zauna yana rantsuwa cewa kwalbar fenti kaza ce kaɗai “daidai”, bai san yadda abin ya gudana ba. Haka layukan baƙi da fari da aka yi wa jiragen ƙawance don saukar sojojinsu a Nomandi ta ƙasar Faransa ranar 6 ga Yunin 1944: layi biyar ne, fari uku baƙi biyu, kuma cikin gaggawa aka yi su 'yan kwanaki kafin ranar, da yawa da buroshi. A hotunan lokacin za ka ga wasu a karkace, fenti ya zarce iyaka. Mu kuwa sai mu sa tef mu ja layi santal kamar da rula, mu ce mun yi na gaskiya.

Sai kuma abin da ya fi ba ni dariya, wato yayin tsufar da mota. Yanzu kowa so yake tankarsa ta fito kamar wadda ta shekara talatin a juji: tsatsa ta ko'ina, fenti duk ya ɓare. Na ga wanda ya zuba wa M113, motar sulke ta Amurka mai ɗaukar sojoji, tsatsa tun daga sama har ƙasa, alhali jikinta alminiyom ne, ba ya irin wannan jar tsatsar. Na ga Mosquito da aka yi wa ɓarewar fenti mai ƙyallin ƙarfe a fiffike, jirgin da aka ƙera galibinsa da katako. Na ga jirgin Hurricane da aka yi wa haka a bayan jiki, wurin da yadi ne aka lulluɓe. Duk waɗannan hannunsu ya ƙware, wallahi sun fi ni iya feshi. Karatu ne babu. Sun kalli aikin wani a intanet, shi ma ya kalli na wani, aka yi ta gadon kuskure.

Kada kuma wani ya ɗauka ina cewa duk abin da ke cikin littafi yankan wuƙa ne. Ina! Zanen launi da ake sakawa a tsakiyar littattafan nan, irin na kamfanin Osprey da makamantansu, fahimtar mai zane ce, kuma sau tari daga hoton baƙi da fari ya ɗauko. Wani tsohon fim ɗin ɗaukar hoto ma yakan mayar da rawaya ta yi duhu, shi ya sa zoben rawaya na tambarin jiragen Birtaniya yake fitowa kusan baƙi a wasu hotuna. Gidajen tarihi su ma sun sha yi wa motocinsu fentin da bai dace ba. Tiger mai lamba 131 da ke gidan tarihin tankoki na Bobinton a Ingila, wadda aka kama a Tunisiya cikin Afrilun 1943, sai da aka bi sauran tsohon fentin da ya maƙale a jikinta kafin aka gano launinta na asali. Don haka littafi ɗaya bai isa ba. Abin da nake nema a littafi shi ne hoto mai kwanan wata da wuri da sunan runduna, da marubucin da yake faɗin inda ya samo maganarsa. Wanda ya cika shafi da zane mai ƙyalli ba tare da hoto ko ɗaya da zai goyi bayansa ba, ina ajiye shi gefe.

Amma babban abin da karatu ya yi mini ba gyaran launi ba ne. Ya sa na fara ganin yadda kasuwar nan take karkatar da tarihi. Shiga kowane kundin kaya ka ƙirga Tiger nawa ne. Kowane kamfani yana da tasa, wani ma iri biyar. Alhali Tiger I guda 1,347 kacal aka ƙera. Sherman ta Amurka ta haura 49,000. T-34 ta Tarayyar Sobiyet ta ninka Tiger sau da dama har lissafi ya gaji. Kai, har Maus, dodon nan mai tan 188 da aka yi gwajin guda biyu kawai, tana da akwatinta, har da tankokin da ba su taɓa wuce zanen takarda ba. Yaron da ya koyi Yaƙin Duniya na Biyu daga hotunan bayan kwali zai rantse cewa sojan Jamus a kan Tiger da Panther ya yi yaƙin. Gaskiyar kuwa, mafi yawan rundunoninsa a ƙafa suke tafe, dawaki ne ke jan bindigoginsu da kayansu, dawakin da yawansu ya haura miliyan biyu da rabi a tsawon yaƙin.

Su wa suka ɗauki nauyin yaƙin a ɗaya ɓangaren? Manyan motocin ɗaukar kaya. GMC mai tan biyu da rabi, an ƙera sama da 500,000. Bayan an fasa daga Nomandi, daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Nuwamban 1944, ayarin da ake kira Red Ball Express shi ya dinga kai fetur da harsashi gaba dare da rana, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙen fatar Amurka ne. Sojojin Indiya sun kai miliyan biyu da rabi. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun ratsa dazukan Bama, inda mota ba ta shiga, da kaya a ka. Je ka nemi 'yan mutum-mutumin waɗannan a 1/35, ka gwada da yawan na sojan Jamus mai nuna yatsa yana riƙe da taswira. Ba na zargin kamfanoni da wata muguwar manufa, abin da ake saye suke bugawa. Mu ne masu sayen. Kuma an fara samun sauƙi, don kamfanoni irin MiniArt da ICM na Yukren suna fitar da direbobi da makanikai da farar hula da motocin asibiti, abin da a da ba a kulawa da shi.

Wani zai ce, malam, wasa ne fa, ka bar mutane su huta. Na yarda. Ma'aunin 1/35 ɗin kansa da wasa ya fara: kamfanin Tamiya na Japan ya yi tankar Panther mai tafiya da batir a 1961, aka yi girmanta daidai yadda batir zai shiga, daga baya aka auna aka ga ya faɗo a 1/35. Wanda ya ce shi nishaɗi yake, ya yi wa Spitfire ɗinsa shuɗi da ja don ɗansa ya ji daɗi, babu ruwana da shi, ina ma taya shi murna. Rigimata da wanda zai rubuta a ƙarƙashin aikinsa “Kursk, Yulin 1943”, wato babban yaƙin tankoki da aka gwabza a Tarayyar Sobiyet. Da ka sa wuri da kwanan wata, ka yi da'awa a kan wani abu da ya faru, inda mutane na gaske suka ƙone a cikin ƙarfen nan. Daga nan kuma dole a tambaye ka hujja.

Tiger ɗin tawa tana nan a kan kanta, ban kankare zimarit ɗin ba, ban kuma canza mata lamba ba. A kan tebur yanzu GMC ce, tun wata biyu ban sa mata gam ko ɗigo ba. Akwatin ya zo da kan direba iri biyu, rufaffe na ƙarfe da buɗaɗɗe mai tamfol, kuma hoton motar da nake so in kwaikwaya an ɗauke shi ne daga baya, kaya sun tare gaban. Na yi odar wani littafin da aka ce yana da hotunan wannan ayarin daga gaba. Idan akwai mai shi a cikinku, ya taimaka ya duba mini kafin nawa ya iso.